Tulun Gindin Aduwa

Zuwa ga mahaifiyata, a makwancinta.

Assalamu alaiki, Inna. Bayan gaisuwa ta ɗa ga uwa, irin wadda ake yi a durƙushe, ina roƙon Allah Ya sa wannan ta same ki cikin sanyi da yalwa. Mu nan Dogon Dutsi lafiya muke. Matata Zeinabu tana gaishe ki, yara ma haka. Damina ta yi kyau bana, gero ya fi mutum tsayi a hanyar Matankari.

Na san ba ki karatun boko. Na kuma san ko da kina raye aka kawo miki takardar nan, da zarar mai karantawa ya faɗi daga wanda ta fito, za ki tuna kin bar tukunya a wuta, ki tashi ki ba mu wuri. Shi ya sa na sa ta inda jama'a za su gani a wayoyinsu. Su su karanta, ke kuma ki saurara daga bayan danga kamar yadda kika saba.

Dalilin rubutun shi ne na koma gudu. Bayan shekara bakwai da ajiye takalmi, ga ni kuma a kan hanya da furfura a gemu. Akwai gasa a Yamai bayan kaka, ta kilomita ashirin da ɗaya, har na ba da sunana. Amma ba gasar na zo gaya miki ba. Lahadin da ta wuce na iso ƙofar gidanki da ƙafa, kuma akwai abin da na tarar. Ki yi haƙuri in faro daga baya, don masu karatu ba su san mu ba.

Ni ne ɗanki na fari, kuma ke mutuniyar da ce, kin riƙe kunyar ɗan fari har ƙarshe. Ba ki taɓa kiran sunana ba. Ba ki taɓa kallon fuskata ido da ido a gaban mutane ba. Ana yaye ni Kaka ta ɗauke ni zuwa sashenta, kika bar mata. In na faɗi na fasa gwiwa, ita ke gudu ta ɗauke ni, ke kuwa ko taɓaryarki ba ki ajiyewa. Idan dole ta sa a yi maganata, sai ki ce “wancan”. Na girma ina jin sunan ƙanwata Balki yana fita daga bakinki sau ɗari a yini, har da na faɗa, har da na zagi, ina kishin zagin ma.

Da aka kawo ni lakwal, wato makarantar boko, nan Dutsi, gidan Kawu, kewa ta kusa kashe ni. Ƙauyenmu na kusan rabin hanyar Matankari, ba nisan a zo a gani ba ne ga babba, amma ga yaro ƙarshen duniya ne. Ran Asabar ana tashi sai in tuɓe takalmin roba in riƙe a hannu, in kama hanya. Tafiya ba ta yi mini sauri, sai na fara sassarfa, sassarfa ta zama gudu. Mutane na cewa malamin wasanni ne ya koya mini gudu. Ba shi ba ne, shi ya tarar da ni da abina. Ɗokin in ga matar da ba za ta dube ni ba ne ya koya mini.

In na iso ina haki, ƙarangiya ta cika mini wando, sai in durƙusa in gaishe ki. Ki amsa wa murhu. Sannan ki ɗaga murya ki ce, “Balki, ba wancan tuwo.” Tuwon kuwa kullum akwai shi, da ɗumi, a rufe da faifai. Lokacin ban taɓa tambayar kaina wa ya san zan zo ba.

Shekarar da na fara cin gasa a Doso, ina kwaleji, bargo aka ba ni, mai kauri, ja da shuɗi. Na riƙo shi a mota kamar jariri, ko jingina da shi ban yi ba. Na ajiye a gabanki. Kika dubi bargon ta gefen ido kika ce wa Balki, “Kai ma tsohuwa, ita aka jin sanyi.” Aka kai wa Kaka. Da marece na ji kina ce wa mata a bakin turmi, “Babba ba shi gudu sai da dalili. Ku tambaye shi mi yak koro shi.” Suka yi dariya. Na tafi bayan rumbu na yi kuka, ina saurayi da gashin baki ya fara tsirowa. Abin ya yi mini ciwo, Inna, kuma ya daɗe yana yi.

Na gama karatu, na zama malamin lakwal, aka yi ta jefa ni gari gari, kafin a ƙarshe a maido ni Dutsi. Na yi aure. Duk inda na je ban daina gudu ba, amma da na dawo gida sai na samu hanyar da ta fi kowace hanya: ran Lahadi da sassafe in fita daga gari, in kama hanyar Matankari har gindin aduwar da ke ƙofar gidanki, in juyo. Wannan ne dogon gudun mako, shi ke riƙe mutum a gasa.

Ba na shiga gidan ran Lahadi. Yaya zan shiga gabanki da gajeren wando, cinya a waje, gumi na zuba? Sai in tsaya bayan danga in yi sallama, in ce, “Inna, ina kwana?” Ki ce, “Lahiya,” daga ciki, a taƙaice, kamar mai amsa wa ɗan talla. Shi ke nan gaisuwarmu, shekara da shekaru.

A gindin aduwar kuwa akwai tulu, da ƙoƙo a kife a bakinsa. Tun Lahadi ta biyu ko ta uku na fara ganinsa. Ruwa ne mai sanyi da aka jiƙa tsamiya a ciki. Ƙasan aduwar kuma a share tas, itacen da ke zubar da ƙaya kamar an aiko shi, amma ko ɗaya ba ta taɓa huda mini takalmi ba. Balki ta ce ta tambaye ki na wane ne, kika ce, “Sadaka ta. Hanya ba ta rasa mai ƙishirwa.” Gaskiya kuma kowa na sha: masu amalanke, Fulani masu nono, masu tafiya gona. Ni ma na riƙa sha a matsayin mai wucewa.

Wata rana a bikin suna, ina hira da Balki a tsakar gida, kina can nesa kina tsince shinkafa, na ce mata a dogon gudu jijiyar ƙafata na ɗaurewa, an ce gishirin da ke fita a gumi ne ke jawo haka. Lahadi na zagayowa na kai ƙoƙo baki, sai na ji ɗanɗanon gishiri, kaɗan, a bayan tsamin. Wani tsoho mai amalanken jaki da ya riga ni sha yana ta tofar da yawu yana cewa, “Wanga ruwa, daga Bilma anka ɗebo shi?” Na yi dariya har na ƙware. A bayan danga na ji dakan da ake yi ya tsaya, sai da na kife ƙoƙon sannan ya ci gaba.

An ce ruwa ba ya tsami banza, kuma na yi zato. Amma zato ba sani ba ne. Wata Lahadin in ce wa kaina domina ne. Wata Lahadin in tuna bargo, in ce kai wane ne, sadaka ce kawai, gishirin ma wataƙila Balki ce ta zuba. Tambaya kuwa ba ta tambayuwa. Ɗan fari ba ya tsare uwarsa ya ce ta faɗa masa tana sonsa.

Da aka haifa mini 'yata ta fari na sa mata sunanki. Daga ranar ni ma na samu sunan da bakina ba ya iya faɗa, sai “Mamu” nake ce mata, har yau da ta kusa gama kwaleji. Wannan ya ɗan koya mini cewa rashin faɗin suna ba rashin so ba ne. Amma ni ina ɗaukar Mamu a wuya, ina saya mata alewa, ina kallonta ido cikin ido. Ke fa?

Sai damina ta zo, zazzaɓi ya kwantar da ke, muka kawo ki asibiti nan Dutsi. Na zauna a kan tabarma kusa da gadonki kwana da kwanaki. Ba zan ɓoye miki ba, ban da addu'ar samun sauƙi akwai wata addu'a da nake yi a ɓoye: Allah Ya sa zafin ciwo ya kwance miki harshe, ko sau ɗaya, ko cikin maye, ki kira ni. Kin kira Balki. Kin kira Kaka, wadda ta rasu tun tuni. Ranar ƙarshe da hantsi kika buɗe ido, kika ga inuwata, kika juya wajen Balki kika ce, “Ce ma wancan shi tahi shi ci abinci.” Na tafi don kada in saɓa miki. Kafin in wanke hannu aka aiko.

Bayan sadakar arba'in na ɗaura takalmi, na ce bari in gwada ko gudu zai rage mini nauyin ƙirji. Ban yi nisa ba mai shayin bakin tasha ya tare ni da kiran da ake yi wa malaman lakwal: “Mushe, ya haƙuri?” Dole in tsaya, in rusuna, in ce da godiya, a yi fatiha. Na ƙara gaba kaɗan, ga dattawan ƙofar masallaci. Gaba kuma ga mahaifin wani ɗalibina. Ba a wuce mai ta'aziyya a guje, kowa ya san haka. Kafin in kai mararrabar da ake barin kwalta a kama hanyar Matankari, an tuna mini mutuwarki sau nawa ban sani ba. Na tsaya a mararrabar na dubi hanyar. Na tuna ko na kai ƙarshenta ba mai cewa “Lahiya” a bayan danga. Na juya gida ina tafiya kamar wanda aka yi wa duka.

Takalmin ya zauna bayan ƙofa, daga nan ya koma ƙarƙashin gado, daga baya na gan shi a kan akurkin kaji, Zeinabu ta danne kwano da shi don iska. Na bar shi a nan. Ƙauye kuwa ina zuwa, amma a kan moto, wato babur, ran Salla da la'asar, in gaida dangi in dawo. Balki tana ɗakinta a Ɗan Kassari, gidanki ba kowa. Duk zuwan da na yi sai na saci kallon gindin aduwa. Ba tulu, sai ƙaya da kashin awaki. Na ce wa raina ai dama, mai sadaka ta tafi da sadakarta.

Shekaru suka yi ta wucewa, tumbi ya fito mini har ɗalibai suka sa mini sunan da suke zaton ban sani ba. Bara kaina ya riƙa sarawa, likita ya ɗaura mini abin awo ya ce jinina ya hau, in rage gishiri, in riƙa motsa jiki. Da na gaya wa Zeinabu, sai ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Kai da kake kai ƙauye ka komo kahin koko ya huce, yau kai aka ce ma ka motsa jiki?” Washegari na ga sabon takalmi a bakin gado.

Ranar farko, Inna, da kin ga abin da kika haifa da kin ƙara jin kunya. Ban kai tasha ba numfashi ya ƙare, na kama sandar lantarki ina haki kamar tsohon jaki. Mai shayin nan, shi ma ya tsufa, ya leƙo ya ce, “Mushe, lahiya? Abin da yak koro ɓera yah hwaɗa wuta, ya hi wutar zahi.” Na ce masa likita ne. Ya ce, “To shina bayanka?” Duk teburin suka fashe da dariya. Na dawo gida ina ɗingishi, kwana uku ban iya durƙuson salla daidai ba.

Na koma duk da haka. Sannu ba ta hana zuwa. Na fara da zagaya filin ƙwallo, in yi gudu kaɗan in yi tafiya, in sake. Na koyi abin da ƙuruciya ba ta koya mini ba, wato haƙuri da jiki. Da can ni ke ba ƙafa umurni, yanzu shawara muke yi. In gwiwa ta ce yau a'a, to a'a ne. Azumi ya zo na koma tafiya kawai bayan shan ruwa. Bayan Salla aka yi ƙaramar gasa nan cikin gari, na shiga, na zo can baya tare da wani ɗan sanda mai ritaya, muna yi wa juna sannu. Na ji daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Wata biyu bayan haka na gama ta kilomita goma a Doso, garin da aka ba ni bargo. Da na tsallake layin ƙarshe sai na ji ba abin da nake so kamar in zauna a ƙasa in yi kuka, kuma ban san wa zan kai wa labari ba.

A can ne aka gaya mini gasar Yamai, na ba da suna kafin hankalina ya dawo. Daga nan matsala ta fara. Mai son gama irin wannan gasa dole ya riƙa dogon gudu a mako, kuma dogon gudu ba ya yiwuwa a filin ƙwallo, sai mutum ya haukace da zagaye. Na gwada babbar kwalta ta wajen Doso, manyan motoci suka kusa shafe ni. Na gwada hanyoyin gona, rairayi ya cinye mini agara. Duk mai hankali a garin nan ya san hanyar da ta dace. Ni ma na sani. Sai na riƙa bin ta ina ƙara kaɗan kaɗan duk Lahadi, amma kullum in juyo kafin in hango kan aduwar. In ce wa Zeinabu gwiwa ce. Ita kuwa ta ce, “Gwiwan nan taka ta san hanya ƙwarai.”

Tsoro nake ji, Inna. Muddin ban je da ƙafa ba, ran Lahadi, da safe, ina da sauran zato a hannuna. In na je na tarar da ƙaya da kashin awaki, shi ke nan, ba ni da uwa ba ni da amsa, kuma ga doguwar hanya zuwa gida ba ruwa.

Lahadin da ta wuce an kwana ana ruwa, gari ya waye da sanyi, ƙasa ta kwanta. Na fita bayan asuba. Gero ya yi kai dama da hagu, mata na tafiya gona da ƙwarya a ka, ina yi musu sannu ina wucewa. Da na kai inda na saba juyawa, ƙafata ba ta tsaya ba. Ba jarunta ba ce, ban ma yanke shawara ba. Na dai ga ina wuce tsohuwar rijiya, ina wuce gonar Kawu, sai ga kan aduwa. Na sunkuyar da kai ina kallon takalmina har na shiga inuwarta.

Abin da na fara gani shi ne sawun tsintsiya a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na ɗaga ido. Tulun na nan a mazauninsa, bakinsa ya ɗan ɓalle, da ƙoƙo a kife. Dangar gidanki ta faɗi, wake ya yaɗu har inda turminki yake zama, amma tulun na nan. Na ɗebo, na kai baki. Tsamiya ce, da gishiri kaɗan a bayanta.

Ban san na zauna a ƙasa ba sai da na ji an kira sunana, cikakke, da ƙarfi, yadda ba wanda ya taɓa kiransa a ƙofar gidan nan tun rasuwar Kaka. Gwaggo Rahila ce, maƙwabciyarki, aminiyarki ta bakin rijiya, wadda kuke raba naman Salla da na Kirsimeti. Ta sha farin kallabi tana jiran ɗan kabu-kabun da zai kai ta majami'a. Ta tsufa ƙwarai, sanda take dogarawa. Ta ce, “Sai yau? Shekara bakwai ina shayad da masu amalanke ruwan gishiri, suna zagina!”

Na nuna tulun. Na ce mata ai na sha zuwa ran Salla ban gan shi ba. Ta ce, “Salla Lahadi ta? Lahadi ɗai taka hiddo shi, tun tana da ranta. Ran Litinin ko ƙishirwa za ta kashe ka gindin aduwag ga, ba ka samun ɗigo.” Ta zauna a kan saiwa da ƙyar, ta ajiye sandar. Ta ce, “Ita ad da kunyarka. Ni ba ni na haihe ka ba, bari in hwaɗa ma.”

Ta ce ranar da za mu zo da mota mu ɗauke ki zuwa asibiti, ta shiga duba ki, kika sa Balki ta fita. Ga yadda ta ba ni labarin, ban canza ko kalma ba:

“Tac ce mani, Rahila, kada tulun ga shi bushe ran Lahadi. Ta gwada mani tsamiya, ta gwada mani gishiri da yatsa ukku. Nic ce, don wa? Tac ce, don masu wucewa. Nic ce, ke ji tsohuwar banza, wane mai wucewa na ka shan gishiri? Sai taj ja zane ta ruhe huska. Tana dariya, ina jin ta. Can tac ce, kuma kada ki aika mai. Rad da ƙahwa tak kawo shi, shi sha.”

Na dubi ƙoƙon da ke hannuna. Sannan na yi tambayar da na riƙe tun ina yaro. Na ce, Gwaggo, ta faɗi sunana? Ta dube ni, idonta ya cika. Ta ce, “Da ba sujada za ni ba, da na yi ma ƙarya. Ba ta hwaɗa ba.”

Na yi kuka, Inna, irin wanda ban yi ba ranar da aka sa ki a ƙasa. Babban mutum, malamin lakwal, da gajeren wando a gindin itace, masu tafiya gona na tsayawa suna tambaya ko mutuwa aka yi. Gwaggo Rahila tana kora su da sanda tana cewa, “Ku wuce, tsohuwar mutuwa ta.” Ta gaya mini tulun ya fi ƙarfinta yanzu, wofi take mirgino shi da asuba, sannan ta cika shi kwano kwano. Na ce mata ta huta haka nan, ta cika alkawari. Ta harare ni ta ce, “Yanzu da ruwan yas samu mai shi za ni bari?” Ɗan kabu-kabu ya iso, na taimaka mata ta hau.

Da suka tafi na ƙara shan ƙoƙo ɗaya. Likita ya ce in rage gishiri, amma wannan kam ya yi haƙuri. Na je inda dangar take a da, na tsaya, na yi sallama, na ce, “Inna, ina kwana?” Na ɗan jira, gwargwadon yadda kike ɗauka kafin ki amsa. Sannan na kife ƙoƙon na kama hanyar gida. Jijiya ba ta ɗaure ba har Dutsi.

Ban san yadda za ta kaya a Yamai ba. Gwiwa na nan da halinta, kuma yaran yanzu ba su da tausayi, kafin in kai rabi wasunsu sun yi wanka. Ba na neman bargo. Ina so in gama a kan ƙafafuna, in dawo, Lahadi ta zagayo in kawo labarin gindin aduwa, in faɗe shi da ƙarfi ga Gwaggo Rahila, kamar da ita nake. Zeinabu ta riga ta sayo tsamiya, kuma na nuna mata gishirin da yatsa uku.

Abin da ke damuna shi ne shekara bakwai ruwanki na jirana ina kwance ina ƙiba. Da abin da ya fi wannan: duk Lahadin da na tsaya bayan danga ina tunanin ko kin damu da ni, ashe kina tsaye da taɓarya a hannu kina sauraren in gama sha. Kara ɗaya ne tsakaninmu. Ina kewarki, Inna. Na faɗa, tunda ni ba a ɗora mini kunyar faɗa ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki, Ya haskaka makwancinki. Yadda kika share ƙaya a hanyata, Allah Ya share miki hanya ranar tsayuwa. Duk wanda ya sha daga tulun nan, da wanda ya gode da wanda ya tofar, Allah Ya kai ladan gare ki, Ya shayar da ke daga tafkin da ba a ƙishirwa bayansa. Ya ƙara wa Gwaggo Rahila lafiya da ƙarfin gwiwa, Ya saka mata da alheri. Ya jiƙan Kaka da Baba da duk waɗanda suka riga mu. Amin.

A ƙa'idar wasiƙa nan ne ake sa suna. Na rubuta shi, na duba, na goge. Kin riƙe shi a bakinki shekara arba'in da wani abu ba ki bari ya faɗi ba, ba ni zan zubar miki da shi a gaban jama'a ba.

Naki har kullum,
Wancan.